Daga Lamba Zuwa Kunne: Shekara Arba'in Ana Gardamar DAC

A ranar 1 ga Oktoba, 1982, kamfanin Sony ya fito da CDP-101 a kasuwannin Japan, ita ce na'urar farko da aka sayar wa jama'a don kunna faifan CD. Kuɗinta yen 168,000, abin da ya zarce albashin wata na sabon ma'aikaci mai digiri a ƙasar a wancan lokaci. Masu talla suka cika baki, suka ce an samu sauti marar aibi har abada, an rabu da ƙarar allura irin ta faifan garmaho da shuuu irin na kaset. Tafiya ba ta yi nisa ba ma'abota sauti a Ingila da Amurka, mutanen da ke iya zuba kuɗin mota a kan lasifika biyu, suka fara gunaguni. Suka ce sautin ya bushe, sama-samansa na sukar kunne, mutum ba ya zaman awa biyu yana saurare bai gaji ba.

Wanda aka fi ɗora wa laifi wani ɗan sashe ne can cikin akwatin, mai aikin juya lambobi su koma sauti, wanda duniya ta sani da DAC. Jerin lambobi ne kawai a kan faifan CD. Lokacin ɗaukar waƙa ana auna ƙarfin igiyar sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, hagu dabam dama dabam, kowane awo kuma a rubuta shi da bit 16, wato a zaɓa masa ɗaya daga matakai 65,536. Lasifika ba ta san lamba ba, wutar lantarki mai hawa da sauka ta sani. DAC ne ke karanta kowace lamba ya fitar da ƙarfin wuta daidai da ita, a daidai lokacinta, sannan filta ta share tarkacen da aikin ya bari a sama. Lissafin da aka gina wannan a kai ya girmi CD nesa ba kusa ba. Harry Nyquist a 1928 da Claude Shannon a ƙarshen shekarun 1940 sun nuna cewa in yawan awo ya haura ninki biyu na sauti mafi tsini da ake son kamawa, ana iya dawo da igiyar yadda take. Kunnen yaro mai lafiya yana tsayawa wajen bugu 20,000 a daƙiƙa. A takarda dai magana ta ƙare. A wajen ƙerawa aka sha wuya.

Kamfanonin biyu da suka haifi CD ma ba su zo da dabara ɗaya ba. Philips na Holan ya shirya wa bit 14, har ya riga ya tsara aisinsa, wato 'yar ƙwayar lantarkin da ke aikin DAC, mai suna TDA1540, sai Sony ya kafe a kan 16 kuma ya yi nasara. Maimakon su koma farko, injiniyoyin Philips suka ninka yawan awon sau huɗu da lissafi, suka tura kuskuren da ya rage can sama inda kunne ba ya kaiwa, sai ga aisi mai bit 14 yana aikin da ya kusa na 16. Sony kuwa ya sa cikakken mai bit 16, amma guda ɗaya tal, yana yi wa hagu da dama aiki bi da bi. Wannan ya sa ɓangare ɗaya ke makara da kusan kashi 11 cikin miliyan na daƙiƙa, daidai da a matsar da lasifika ɗaya baya da milimita huɗu. Masu sharhi sun yi ta kuka da wannan makarar, alhali gyaɗa kai a kujera ma ya fi ta. Inda gizo yake saƙa shi ne filtar da ke bayan aisin Sony, wadda dole ta bar bugu 20,000 ya wuce, ta kuma datse abin da ke sama da shi kaɗan. Filta mai kaifi haka, in da kafasito da koyil aka haɗa ta, sai ta taɓa sautin da ke kusa da bakin iyaka. Dabarar da Philips ya yi don dole ita kowa ya bi daga baya.

A shekarun nan kwatanta DAC da DAC aiki ne mai ma'ana, domin bambancin yana nan, ana aunawa a gani, wani lokaci a ji. Yawancinsu tsari ɗaya suke bi: kowane bit yana da nasa rabon wuta, na biyu rabin na farko, na uku rabin na biyu, har zuwa na 16. Kamar duwatsun sikelin mai sayar da zinariya ne, in babban dutsen ya kauce ko da ƙanƙanin abu, kuskurensa ya haɗiye ƙaramin dutsen baki ɗaya. Sai babban bit ya yi daidai har kashi ɗaya cikin 65,536, ga zafi na sauya shi, ga tsufa. Wani abin takaici, wurin da babban bit ke juyawa shi ne tsakiya, inda igiyar ke ratsa sifiri, wato inda sauti mafi laushi yake zaune: wutsiyar muryar mawaƙi, amon ɗaki bayan an bugi ganga. Shi ya sa mai gyara kan buɗe wata na'urar ta ƙarshen shekarun 1980 ya tarar da ɗan sukurun saiti kusa da aisin, wanda aka murɗa a masana'anta don daidaita babban bit, kuma ba kullum aka murɗa shi daidai ba. Philips da kansa yakan gwada aisinsa na TDA1541A, waɗanda suka fi daidaito ya buga musu tambarin kambi, zakarun cikinsu kambi biyu. Har gobe ana farautar masu kambi biyun a kasuwar tsofaffin kaya, kuma jabu sun cika ta, tunda buga kambi bai kai ƙera aisi wuya ba.

Sai dai ba duk laifin ne na DAC ba. Kamfanonin waƙa sun yi gaggawar kwashe tsofaffin kundayensu zuwa CD, wasu daga zaren da kwafin kwafi ne, wasu daga wanda aka riga aka gyara don ya dace da allurar garmaho. Na'urorin situdiyo masu mai da sauti lamba su ma da nasu raunin. A 1984 John Vanderkooy da Stanley Lipshitz na Jami'ar Waterloo a Kanada suka buga bayanin cewa in an zuba 'yar hayaniya da gangan, ƙasa-ƙasa, kafin a yanka sauti zuwa matakai, gurɓatar da matakan ke jawowa tana ɓacewa, har a ji abin da bai kai mataki ɗaya ba. An daɗe kafin kowane situdiyo ya riƙe wannan. A shekarar ce kuma Lipshitz ya shirya wa Ivor Tiefenbrun, mai kamfanin Linn na Glasgow kuma jagoran masu sukar sautin lamba a lokacin, wani gwaji. Ana saka na'urar Sony PCM-F1 a tsakiyar hanyar sauti, ta mai da shi lamba ta dawo da shi, ko kuma a kauce mata, shi kuma ya faɗi wanne ne wanne ba tare da ya gani ba. Bai fi mai canki-canka ba. Labarin bai hana kowa komai ba, gardama ta ci gaba da zafinta. Linn ɗin nan ne a 2009 ya daina ƙera na'urar CD, saboda ya ga mai karanta fayil daga kwamfuta ta fi ta.

Abin da ya buɗe kasuwar da ake gani yau shi ne raba akwati gida biyu. Tunda lambobin ɗaya ne, me zai hana a bar na'urar CD ta yi karatu kawai, a tura abin da ta karanta ta kebul zuwa wani akwati mai wutarsa da filtarsa? Arcam na yankin Cambridge ya fito da Black Box a 1988. A Amurka, Theta Digital na Mike Moffat da Wadia suka ƙara gaba, suka ajiye filtar da ake saya a kasuwa suka rubuta tasu a kan aisin lissafi. Daga nan mai kayan sauti ya samu sabuwar hanyar kashe kuɗi: bana DAC, baɗi kebul, wata shekarar akwatin wuta na dabam.

Rabuwar ta zo da tata cutar. Tsarin kebul da Sony da Philips suka yi, S/PDIF, yana ɗauke da lambobi da agogo a cakuɗe cikin waya ɗaya, sai DAC ya tsamo agogon daga cikin lambobin. In agogon ya yi rawa, lambar daidai ta fita a lokacin da ba nata ba, igiyar ta karkace. Wannan rawar agogo ta gaske ce. Julian Dunn a Ingila ya ƙirƙiro siginar gwaji ta musamman don tona ta, mujallar Stereophile kuma a hannun John Atkinson ta riƙa auna ta. Amma da aka tabbatar cewa lamba ma na iya rashin lafiya, sai ƙofa ta buɗe wa kowane mai magani. A 1990 aka yi yayin koren alƙalami da ake shafa wa gefen faifai, wai yana shanye hasken lesa da ya ɓata hanya. Aka sayar da tabarmar ɗora wa faifai, da ƙafafun roba na musamman, da kebul mai kibiya da ke nuna ta inda lambobi za su bi. Manyan masu sharhi sun rantse sun ji bambanci, kuma babu dalilin cewa ƙarya suke yi. Abin da suka ji sun ji shi, daga inda ya fito ne abin tambaya.

Ana can ana wannan, injiniyoyi suka canza hanya. Wajen ƙarshen shekarun 1980 Philips ya kawo Bitstream, Technics ya kawo MASH. A maimakon rabo 16 da kowanne sai ya yi daidai, sai a yi aiki da bit ɗaya, daga baya 'yan kaɗan, amma da gudun miliyoyi a daƙiƙa, a kwashe kuskuren da lissafi a watsa shi can sama da kunne. Jikar dabarar Philips ta farko ce. Wahala ta tashi daga kan daidaiton rezisto, mai tsada, ta koma kan lissafi, wanda kullum araha yake ƙarawa. Wannan tsari, delta-sigma, shi ne a cikin kusan kowace waya da talabijin da rediyon mota a yau. Mai sauraron waƙa a memori a Kano ko Damagaram da shi yake ji, ko bai taɓa jin sunansa ba. Burr-Brown na Arizona, wanda aisinsa PCM63 da PCM1704 suka zama ƙololuwar tsohon tsari, Texas Instruments ya saye shi a 2000, a hankali aka daina ƙera su.

Sai farashi ya fara zubewa. A 2002 Benchmark na Syracuse a jihar New York ya fito da DAC1, ƙasa da dala 1,000, an yi shi don situdiyo, kuma rawar agogon kebul ba ta damunsa. Ma'abota suka rufar masa. Gordon Rankin ya rubuta manhajar da ta juya lamarin USB: DAC ne ke riƙe da agogo, shi ke ce wa kwamfuta ta turo ko ta dakata. A 2012 AudioQuest ya sa manhajar a DragonFly, ɗan abu mai girman filashi, kuɗinsa kusan dala 250. A shekarar ce Schiit, kamfanin da Moffat ɗin nan na Theta ya kafa da Jason Stoddard a 2010, ya sayar da Modi a dala 99. A 2016 Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 ya sayar da 'yar guntuwar waya ta dala 9 mai DAC a ciki, masu awo kuma suka tarar ta fi na'urori da yawa na shekarun 1980 tsabta. A 2016 ɗin dai Amir Majidimehr, tsohon mataimakin shugaba a Microsoft, ya kafa shafin Audio Science Review, yana ɗora kowace na'ura a kan injin awo na Audio Precision yana jera sakamakon. Kamfanonin Sin irin su Topping da SMSL, masu kayan 'yan ɗaruruwan daloli, suka haye saman jerin, wasu masu dubbai suka tsinci kansu a ƙasa.

Lambobin sun cancanci a tsaya a kansu. Mafi tsabtar DAC na yau suna ajiye hayaniya da gurɓata kusan desibel 120 ƙasa da sauti. CD kansa 96 yake bayarwa. Falo mai shiru da dare yana da hayaniyarsa ta kusan desibel 30, mai sauraro da ƙarfi kuma da wuya ya wuce 100 zuwa 105 a ƙololuwa, ke nan tagar da kunne ke leƙawa ba ta fi 75 ba. Bit 24 a lissafi desibel 144 ne, amma babu na'urar da ta kai can, domin ɗumin rezisto kaɗai yana haifar da hayaniyar da ta tare hanya wajen bit 21 ko 22. Wanda aka rubuta wa bit 32 a kwali, lissafin cikinsa ake nufi. A nan ya kamata a ce wa masu awo su ma su yi hattara. Wanda ya sayar da na'ura mai 115 don ya sayi mai 122 bai fi mai koren alƙalami hujja ba, shi dai nasa tsafin yana da jadawali.

Yaƙin yawan lamba ma an yi shi an gaji. SACD ya zo a 1999, DVD-Audio ya biyo baya, dukansu da alkawarin abin da ya fi CD. A 2007 Brad Meyer da David Moran na ƙungiyar ma'abota sauti ta Boston suka riƙa kunna irin waɗannan faya-fayan, wani lokaci kai tsaye, wani lokaci a bi da su ta matsattsiyar ƙofar CD. Cikin gwaji 554, an canka daidai sau 276. Aka soke su da cewa wasu faya-fayan asalinsu tsofaffin ɗauka ne, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya. A 2016 Joshua Reiss na Jami'ar Queen Mary a Landan ya tattara bincike 18 ya ga akwai 'yar rarrabewa, kashi 52 da ɗoriya cikin 100, ta kai wajen 60 ga waɗanda aka horar. Akwai wani abu ke nan, amma siriri, ba irin wanda talla ke cewa ana jinsa daga ƙofar gida ba. Tsarin fayil ɗin waƙa na MQA na Bob Stuart, da aka ƙaddamar a 2014, ya sa mutane da yawa canza DAC don su ga 'yar fitila ta kama. Kamfanin ya durƙushe a 2023, Lenbrook na Kanada ya sayi abin da ya rage, dandalin sauraron waƙa na Tidal kuma ya watsar da tsarin a 2024.

Mai kuɗi a hannu yau zai tarar kasuwa ta kasu. Mafi yawan kamfanoni suna sayen aisi ne daga ESS na Kalifoniya ko AKM na Japan su gina akwati a kewaye da shi. Wasu suna ƙin aisin kasuwa su rubuta nasu: dCS na Cambridge, wanda ya faro da aikin na'urorin rada a 1987, yana da tsarinsa na Ring DAC, cikakken jerin Vivaldi ɗinsa ya haura dala 100,000, Chord yana amfani da filtar Rob Watts, wadda a DAVE na 2015 take da matakan lissafi 164,000, a M Scaler na 2018 ta haura miliyan. Waɗannan aikin injiniya ne na gaske, awonsu ma yana da kyau, gardamar ita ce ko kunne na kaiwa inda suka kai. Sai kuma masu komawa baya. MSB a Amurka, Denafrips da Holo Audio a Sin, sun dawo da tsohon tsarin rabo-rabo da rezisto ɗaiɗai. Moffat ya gina Yggdrasil a 2015 da aisin da aka yi don kayan asibiti da na awo. A cikin wannan rukuni akwai masu cire filtar lissafi gaba ɗaya, ra'ayin da Ryohei Kusunoki ya yaɗa a wata mujallar Japan a tsakiyar shekarun 1990, da masu sa kwalaben rediyon da a mafita, irin LampizatOr na Folan.

A wannan rukuni na ƙarshe ne ake samun bambancin da ba sai an yi rantsuwa ba. DAC marar filta yana rage sautin sama da kusan desibel 3 a bugu 20,000, yana farawa tun ƙasa da nan, sai waƙa ta fito da laushi. Kwalba tana ƙara wa sauti wani amo da ba ya cikin ɗaukar. Mutane da yawa suna son haka, kuma babu laifi a so, kuɗin mutum ne da kunnensa. Abin da bai dace ba shi ne a kira shi kusanci da asali, alhali ƙari ne aka yi.

Wata gobara ta yi wa kasuwa gwajin da ba wanda ya shirya. A Oktoban 2020 masana'antar AKM da ke Nobeoka ta kama da wuta, ta yi kwanaki tana ci, aisin kamfanin ya yanke. Shekaru ana rubuta cewa AKM yana da taushi, ESS yana da kaifi. RME na Jamus ya mai da ADI-2 DAC ɗinsa zuwa ESS, Schiit ya yi haka da Modi, aka ci gaba da ciniki, ba a ga masu saye sun yi tururuwar mai da kaya ba.

Wanda ke son ya kwatanta biyu da gaskiya, aikin ba wuya, haƙuri yake so. Ga akwatuna biyu a kan tebur, an haɗa su da amfilifaya ɗaya, fayil ɗaya na shiga dukansu. Kafin a sa waƙa, sai a kunna sautin gwaji mai bugu 1,000 a daƙiƙa, a ɗora bakin mita a bayan lasifika. Na farko ya nuna wata lamba, na biyu ya nuna wadda ta fi ta kaɗan, domin wani yana fitar da bolt 2 ne, wani 2.2. Wannan 'yar tazara desibel 0.8 ce. Kunne ba ya jin ta a matsayin ƙara, yana jin ta ne a matsayin faɗi, da nauyin ganga, da fitowar murya, wato duk kalmomin da ake karantawa a sharhi. Sai a murɗa har mita ta nuna abu ɗaya, kuskure bai wuce kashi ɗaya cikin 100 ba. Sannan wani ya tsaya a bayan labule yana sauyawa, da sauri, don ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ainihin launin sauti fiye da 'yan daƙiƙu. A yi sau goma sha, a rubuta amsa kafin a duba. Da yawa daga bambance-bambancen da aka yi wata ana yabo a nan suke narkewa. Wanda ya tsira kuwa, ya cancanci a biya kuɗinsa. Floyd Toole da Sean Olive sun nuna a kamfanin Harman a 1994 cewa ko a lasifika, inda bambanci ba ya ɓuya, ganin girman akwati da sanin farashi suna canza makin da ƙwararru ke bayarwa.

Masu ƙin lamba kwata-kwata su ma sun sha nasu kayen. Mobile Fidelity ya yi suna da faya-fayan garmaho masu tsada, wasu sama da dala 100, waɗanda masu saye suka ɗauka daga zaren asali aka yanka su kai tsaye. A Yulin 2022 Mike Esposito, mai shagon faya-fayai a Phoenix, ya tayar da maganar, ya je har Kalifoniya, injiniyoyin kamfanin suka amsa cewa ana mai da zaren lamba tukuna kafin a yanka, kuma ana yin hakan aƙalla tun 2011. Faya-fayan da aka yi shekaru ana kafa hujja da su cewa ga abin da lamba ba za ta iya ba, ashe sun bi ta DAC. Maganar ta kai kotu aka yi sulhu.

Duk wannan bai rage wa mai son inganta kayansa aiki ba, wurin aikin ne ya ƙaura. Lasifika mai kyau tana iya gurɓata sautin ƙasa-ƙasa har kashi ɗaya cikin 100 in an ƙure ta, ninki dubbai na abin da DAC ke yi. Ɗaki ya fi ta ɓarna. Falo mai tsawon mita biyar yana da nasa amon wajen bugu 34 a daƙiƙa da ninkinsa, sai wani sautin ya kumbura da desibel 10 ko fiye a kujera ɗaya, ya ɓace a ta kusa da ita. Makirfon awo irin UMIK-1, da bai fi dala 100 da wani abu ba, tare da manhajar REW ta kyauta, suna nuna wannan ƙarara, manhajoji irin Dirac na Suwidin kuma suna gyara wani sashe. Janye lasifika daga bango da taku ɗaya yana canza abin da kowa zai ji, har baƙon da bai san an yi komai ba. A gidajenmu lamarin ya fi tsanani: tayil a ƙasa, siminti a bango, gilashi a taga, fanka na juyawa, janareton maƙwabci na ruri. Mai irin wannan falo da ya fara da kafet mai kauri da labule da inbata mai tsabtar wuta ya riga mai sabon DAC isa.

Ɗaukar kanta ita ce iyaka. Kundin Death Magnetic na Metallica ya fito a 2008 an matse shi don ya yi ƙara har ya farfashe, masoya suka gano wanda aka sa a wasan Guitar Hero ya fi na CD numfashi. Waƙar Shata da aka kwafo daga kaset zuwa kaset kafin ta shiga waya, akwatin dala dubu ɗari zai fito da shuuu ɗinta ne da aminci. Gyaranta yana wajen wanda zai nemo zaren asali a rumbun gidan rediyo ya kwafe shi da kulawa.

Akwai dalilai masu kyau na sayen DAC mai tsada, kuma masu sayarwa na gaskiya su suke faɗa. Mashiga da yawa, ta talabijin da ta kwamfuta da ta intanet. Makunnin ƙara mai kyau da zai sa a sallami wani akwatin gaba ɗaya. Mafitar XLR da ke kashe ƙugin da kan taso in an haɗa kwamfuta da amfilifaya, ƙugin da wani lokaci kebul na haske mai arha ke magancewa. Manhaja da kamfani zai ci gaba da kulawa bayan shekara goma, da mai gyara da zai amsa waya. Sai kuma jin daɗin mallakar abu mai nauyi da aka sassaƙa daga dunƙulen alminiyam, wanda ba ƙaramin dalili ba ne ga mai hali, muddin an kira shi da sunansa.

Akwatin da aka ware a 1988 kuma yana komawa ciki a hankali. Meridian ya fara sa DAC da amfilifaya cikin lasifika tun ƙarshen shekarun 1980, ba a bi shi sosai ba. Daga baya KEF ya fito da LS50 Wireless a 2016, Kii Three da Bruno Putzeys ya tsara ta fito a 2015 da bakuna shida a kowane akwati, kowane baki da amfilifayarsa, lissafi kuma na sarrafa su don rage abin da ke komawa bango. Mai irin wannan ba shi da DAC da zai canza baɗi, ba shi da kebul na lasifika da zai gwada. Situdiyo sun karɓe su hannu bibbiyu. Shagunan kayan sauti ba su cika murna ba, tunda ciniki ɗaya ne a rufe littafi, kuma da yawa daga tsofaffin ma'abota sun saurara sun yaba, sannan suka koma gida wajen akwatunansu biyar.